Daga Katsina Zuwa Bakin Teku da Mota: Legas, Kwatano, Lome Har Cape Coast

Tsakanin Katsina da teku akwai tafiyar kilomita wajen 1,300, kwana uku ke nan ga mai tuƙi cikin natsuwa da iyali a mota. Daga Legas kuma hanya ta juya yamma tana bin gaɓa, ta ratsa Jamhuriyar Benin da Togo ta shiga Gana, kilomita wajen 470 zuwa Akra, da ƙarin 150 zuwa Cape Coast. In ka haɗa zuwa da dawowa da 'yan ratse-ratse, sa kilomita 4,500 a lissafinka. Motar da ke shan lita 10 a kowace kilomita 100 za ta sha lita 450, ka ƙara lita 50 saboda cunkoson Legas da na'urar sanyi da ba za ka iya kashewa ba. Kwana 16 zuwa 18 tafiyar ke ci. Wanda hutunsa bai wuce kwana goma ba ya tsaya a Wida ta Jamhuriyar Benin ya juyo, ya ga abin gani.

Lokacin tafiya shi ne Nuwamba, ko daga tsakiyar Janairu zuwa ƙarshen Fabrairu. Daminar gaɓa ba irin tamu ba ce: tana sauka da ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli, ta ɗan ɗaga a Agusta, ta dawo a Satumba da Oktoba, kuma a watannin nan teku ya fi haukacewa. A ƙarshen damina ne kuma Kwara ke cika ta hau titi wajen Koton Ƙarfe, kamar yadda ta yanke hanyar Abuja zuwa Lakwaja a 2012 da 2022. Disamba yanayi na da kyau, amma kuɗin masauki a Legas da Akra kan tashi sosai saboda masu dawowa hutun ƙarshen shekara.

Takardu tukuna

Ɗan Najeriya ba ya bukatar biza a ƙasashen nan uku, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba shi zaman kwana 90. Amma kada sabo da ƙetarawa Maraɗi ta Jibiya, ko shiga Nijar ta Kwangwalam inda kowa ya san kowa, ya ruɗe ka. A Seme, iyakar Najeriya da Benin, da Aflao, iyakar Togo da Gana, takarda ake dubawa. Kowane mutum a motar, har jariri, ya riƙe fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, da katin rigakafin shawara mai ruwan ɗorawa. Allurar sai ta kwana goma kafin katin ya fara aiki, don haka kada a bar ta sai ana gobe tafiya. Sau ɗaya ake yin ta a rayuwa.

Ita ma mota da nata. Lasisin tuƙi na gida da na ƙasa da ƙasa, takardun mallaka, takardar ingancin mota, inshora, da katin inshorar ECOWAS mai ruwan ƙasa, wanda shi ke ɗaukar nauyin ɓarnar da ka yi wa wani a ƙasar da ba taka ba. In sunan da ke takardun ba naka ba ne, ko da na mahaifinka ne ko na yayanka, samo takardar izini da hatimin kotu. A kowace iyaka kwastan za su ba ka takardar shigar da mota na wucin gadi mai wa'adi. Duba ranar ƙarewarta kafin ka bar tagar, ka kuma miƙa ta in za ka fita.

Takardar da aka fi mantawa ita ce ta biyan kuɗin fito na motar. A Janairun 2017 aka hana shigo da motoci Najeriya ta kan tudu, saboda haka duk tsohuwar motar Turai da ta fito daga wajen Kwatano abar zargi ce ga kwastan, komai lambar Katsina da ke jikinta. Kafin ka tashi, durƙusa da tocila ka karanta lambar jikin motar da aka buga a ƙarfe, ka gwada ta da ta takarda harafi bayan harafi. Kuskuren lamba ɗaya na iya kwanar da kai a iyaka. Yi hoton kowace takarda kwafi uku, asalin kuma ya zauna a jaka ɗaya da ba ta barin jikinka.

Kuɗi kuwa, sefar Nijar ita ce ta Benin da Togo, don haka ka iya canzawa wajen 'yan canji tun a gida inda ka san mutane. Ka dai duba kada a haɗa maka da sefar Kamaru da Chadi, sunan ɗaya ne amma ba a karɓarta a can. Nemi ƙananan takardu, na ɗari biyar da dubu ɗaya, saboda kuɗin shingen hanya da sayen ruwa. Sidi, kuɗin Gana, sai ka isa Aflao, ka canza kaɗan a iyaka, sauran a cikin gari.

Mota

Kai ta wajen bakanike mako biyu kafin tafiya, ba kwana biyu ba, don in an taɓa wani abu ka samu lokacin gwada shi a gida. A sauya baƙin mai da matatarsa, a duba birki gaba da baya, fambel, batir, da waifa. Waifar da ta sha rana da ƙurar Katsina ta bushe, ranar da ruwan kudu ya sauko ba za ta share komai ba. Abin da ya fi kayar da motocin arewa a Legas shi ne zafin inji. A gida mota na gudu iska na bugun lagireto, ko fanka ta mutu ba za ka sani ba. A cunkoso awa biyu tana tsaye, sai ka ga allura ta hau ja. A wanke lagireto, a zuba ruwan sanyaya inji na gwangwani ba ruwan rijiya ba, a tabbatar fanka na tashi da kanta.

A gefen kowace taya akwai lamba huɗu cikin ɗan zagaye: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, mako na 23 ne na 2019, wannan ta tsufa ko da zanenta bai cinye ba. Safaya ɗaya dole, biyu ya fi. Sai jak mai aiki, sifanar taya, famfon iska mai jona wa batir, ma'aunin iska, igiyar ja, gwangwanin kashe gobara da wa'adinsa bai wuce ba, alwatikar gargaɗi guda biyu, da akwatin taimakon gaggawa. Waɗannan ukun na ƙarshe su jami'an hanya ke fara tambaya. Jarkar fetur kuma kada ta kai iyaka, kwastan na ɗaukarta fasa-ƙwauri.

Gangarawa kudu

Ba a tuƙin dare a tafiyar nan, ko da mutum na ji da ƙarfinsa. Tashi bayan asuba, ka sauka kafin magariba. Hanyar Funtuwa ta fi kusa, ta Kano ta ɗan fi nisa. Wadda za ka bi, je tasha kwana ɗaya kafin tafiya ka tambayi direbobin da suka shigo ranar, su ke da labarin hanya na jiya-jiya. Mutanen Daura su bi ta Kazaure su faɗa Kano. Hanyar Birnin Gwari zuwa Mokwa da Jebba taswirar waya na son nuna ta don ta fi gajarta. Kada ka bi da iyali.

Kwana na farko Abuja, ko Kaduna in an makara. Na biyu ka ƙetare Kwara a gadar Murtala da ke Jamata, ka tsaya a Lakwaja. In ka hau dutsen Patti za ka hango inda Kwara da Binuwai suka haɗu, wannan ne ruwa mafi girma da yara za su fara gani, kuma share fage ne mai kyau. Ka kwana Akure ko Badun. Na uku ka shiga Legas da hantsi. Daga Badun kilomita 127 ne kawai, amma ƙarshensa na iya cin lokaci fiye da farkonsa. A Legas abu biyu ke sa a kama mota nan take: shiga layin manyan motocin BRT, da bin hanya mai tafiya ɗaya ta baya. Uzurin baƙunta ba ya aiki. Dabarar da ta fi ita ce ka ajiye motar a masauki ka riƙa hawan haya.

Teku ba dam ba ne

A nan za mu daɗe, don nan ne ake rasa rai. Yaron da ya koyi iyo a Ajiwa ko Zobe ko Sabke, ko a kududdufin bayan gari, ya saba da ruwan da ke kwance. Gaɓar nan daga Legas har Gana ba haka take ba. Yashin na gangarawa da sauri, taku uku daga ruwan idon sawu sai ka ji shi a ƙirji, igiya kuma ba ta shimfiɗowa a hankali, tasowa take ta doka ƙasa gaba ɗaya, in za ta koma ta kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka.

Ruwan da igiyoyi ke turowa gaɓa dole ya koma. Yakan taru ya fasa wata 'yar hanya a cikin yashin ƙarƙashi ya bi da gudu zuwa ciki, kamar yadda ruwan sama ke yanka kwazazzabo. Wannan hanyar komawa ita ce mai kisa. Gudunta kan kai mita biyu a daƙiƙa ɗaya, ba gwanin iyon da zai iya tunkararta. Kuma ga inda yaudarar take: wurin ya fi ko'ina kama da lafiya. Dama da hagu igiya na fashewa da farin kumfa, a tsakiya ga wani fili lumui, ruwansa ya fi duhu ko ya yi launin ƙasa, babu kumfa. Baƙo sai ya ce a nan za mu shiga. Kafin kowa ya taɓa ruwa, tsaya a wuri mai tudu minti goma ka zuba ido. In ka ga leda ko ganye ko kumfa na tafiya ciki maimakon zuwa gaɓa, hanyar ke nan.

Wanda ta ɗauka, kada ya yi kokawa da ita yana neman komawa ta inda ya fito, gajiya ke nutsar da mutum. Ba ƙasa take ja ba, ciki take ja, kuma ba ta da faɗi. Ya kwanta rigingine ya bar ruwa ya ɗauke shi, ya ɗaga hannu ɗaya a gan shi, in yana da ƙarfi ya yi iyo a gicciye, wato ya bi tsawon gaɓa, har ya ji jan ya sake shi, sannan ya bi igiya ta kawo shi. Iya ruwa fidda kai ne, kuma wanda ke tudu kada ya faɗa ceto hannu rabbana. Sau da yawa gawa biyu ake fitarwa, ta biyun ta mai ceton ce. Jefa masa abin da ke tasowa, jarka rufaffiya ko kula ko safaya, ka yi ihun masunta. In an fito da shi ba ya numfashi, a kwantar da shi, a ɗaga haɓarsa, a hura masa iska sau biyar, sannan danna ƙirji 30 hurawa 2, ana maimaitawa har taimako ya zo. Lambar gaggawa a Najeriya da Gana 112 ce. Ko ya farfaɗo ya ce ya warke a kai shi asibiti, ruwan da ya shiga huhu kan tayar da matsala bayan sa'o'i.

Dokar da ta dace da iyalin da suka fito daga tudu mai sauƙi ce: ruwa kada ya wuce gwiwa, kada a ba teku baya, kowane yaro da babban da ke riƙe da hannunsa, ba mai kallonsa daga inuwa ba. Uwargida da 'yan mata su sani cewa zane da dogon hijabi in sun jiƙe nauyi suke yi su naɗe ƙafa. Mai son taɓa ruwa ta sa dogon wando da riga mara faɗi da ƙaramin hijabi. Haka maigida da babbar riga.

Teku na cikowa yana janyewa sau biyu a yini, tsakanin cikowa da cikowa awa 12 da minti 25. Bambancin wajen mita ɗaya ne, amma ya isa ya cinye tabarma da takalma da waya. Ba sai ka nemi jadawali ba, kalandar Musulunci ta ishe ka: cikowa ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da daren sha huɗu zuwa sha biyar. Dubi layin tarkacen ganye da robobi a kan yashi, iyakar cikowar da ta wuce ke nan, shimfiɗa bayansa. Mota kuma kada ta sauka kan yashi. Mai jan ƙafa huɗu ma sai an rage iskar taya zuwa wajen 18 a ma'aunin iska, a tafi ba tare da taka birki da ƙarfi ba. Ƙaramar mota tana nutsewa ka ƙara wuta, ta ƙara binne kanta, ruwa kuma na tahowa.

Alwala da ruwan teku ta inganta, hadisi ya tabbatar ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal. Alƙibla ma ba wuya: teku na kudu, sa shi a hannun damanka ka fuskanci gabas, ka karkata hagu fiye da yadda ka saba a gida. Ƙasaru kuma tana nan muddin ba ka yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ɗaya ba.

Legas da Badagiri

Dattawan da suka yi zaman Ikko za su ce maka ka je Bar Beach. Babu ita yanzu, an cike wurin da yashi an gina Eko Atlantic. Ga mai yara, Tarkwa Bay ta fi, don katangun dutsen mashigar tashar jiragen ruwa sun kare ta daga manyan igiyoyi. Da jirgin ruwa ake zuwa, ƙasa da rabin awa. Kada ka shiga jirgin da ba shi da rigar kariya ga kowa, ka ɗaure ta har igiyar ƙasa, ka kuma dawo kafin rana ta faɗi. Je ranar aiki da safe; Asabar da Lahadi kiɗa ne da shaye-shaye, ba wurin zama da iyali ba.

A Lekki akwai gandun dajin da aka keɓe tun 1990, hekta 78, da gadar igiya ta saman bishiyoyi mai tsawon mita 401. Sa takalmi rufaffe, silifas na zamewa. Birai na ƙwace abinci daga hannu, a ɓoye leda.

Badagiri na kan hanyar iyaka, ka kwana can. Akwai gidan benen da mishan suka gina a 1845, da kurkukun bayi na Seriki Abass, sannan a ƙetara ruwa da kwalekwale zuwa tsibirin Gberefu a taka da ƙafa har bakin teku, inda ake loda bayi. Wannan ba tarihin wasu ba ne. Cikin waɗanda aka fitar ta gaɓar nan har da Hausawa da yawa da aka kai Bahiya a Brazil, inda aka bankaɗo shirin tawayensu a 1807, Musulmin bayi kuma suka yi wani babba cikin Ramadan a 1835. Tafiyar a rana ce tsagwaronta, ɗauki ruwa da malafa.

Benin da Togo

Cika tanki kafin iyaka, ka isa Seme da safe. Tun 2018 ofisoshin ƙasashen biyu na harabar gini ɗaya. 'Yan kamasho za su yanyame ka tun kafin ka kashe mota. Kada fasfo ya bar hannunka sai ga mai kaki a bayan taga. Duba da idonka an buga hatimin fita da na shiga a kowane fasfo, don rashin ɗaya tara ce a iyaka ta gaba. Ba a ɗaukar hoto a iyaka, ko barikin soja, ko tashar jiragen ruwa.

A Kwatano ka nufi Zongo, Hausa za ta yi maka komai: masauki, masallaci, canji, abinci. Hattara da 'yan acaɓa masu riga ruwan ɗorawa, sun fi motoci yawa kuma ta ko'ina suke fitowa. Man kwalba na bakin titi irin na 'yan bumburutu ne, ka sha a gidan mai. Cikin gari kada gudunka ya wuce kilomita 50 a awa.

Ganvie ta cancanci yini guda. Gari ne sukutum a kan tafkin Nokuwe, gidaje kan turaku, ana shiga jirgi daga Abomey-Calavi. Kakanninsu sun shige ruwan ne don tsere wa mahara bayi na masarautar Dahomey. Je da sassafe lokacin kasuwa: mace na zaune a kwalekwale da tumatir da barkono da garin rogo a gabanta, mai saye ya matso da nasa, a yi ciniki jirgi na gogar jirgi, yarinya 'yar shekara bakwai na tuƙa nata ita kaɗai da jarkokin ruwan sha. Rassan da za ka gani an kakkafa cikin ruwa kamar shinge gonar kifi ce. Kifi ke taruwa ciki ya yi ƙiba, sai a kewaye da taru. Yi cinikin jirgi da na ɗan rakiya a tudu, ka tambayi izini kafin ka ɗauki hoton mutum, matan wurin ba sa so.

Wida na kilomita 40 yamma da Kwatano. Daga tsakiyar gari hanyar bayi ta kilomita huɗu ta miƙe zuwa ƙofar tunawa da aka gina a bakin teku a 1995. Kauce wa 10 ga Janairu da kwanakin da ke kewaye da ita, bikin masu addinin gargajiya ne, ba masauki. Grand-Popo ta fi ko'ina kyan gani a tafiyar nan, dogon yashi da bishiyoyin kwakwa, amma tekunta ba na shiga ba ne ko kaɗan. Abin yi shi ne jirgi a kogin Mono zuwa inda ya faɗa teku. Daga ƙarshen damina zuwa cikin rani kunkurun teku kan fito da dare ya yi ƙwai a yashi. In an kai ku kallo, ba tocila, ba hasken kyamara, ba taɓawa. In an miƙo maka farin ruwa a ƙaramin kofi an ce sodabi, giya ce mai ƙarfi, ka ce na gode.

Gaɓar Togo ba ta kai kilomita 60 ba, awa ɗaya da 'yan kai ka ratsa ta. Kana ƙetarawa ka mayar da agogo baya da awa ɗaya, haka zai zauna har Gana, ka lura da lokutan salla. Mai lokaci ya ƙetara tafkin Togo da kwalekwale zuwa Togoville, garin da aka ƙulla yarjejeniya da Jamusawa da sunan sarkinsa a 1884. Iyakar Gana a cikin birnin Lome take.

Gana

Daga Aflao zuwa Akra kilomita 190. Bayan gadar Sogakope, a mararrabar Kasseh, ka ratse hagu zuwa Ada Foah inda kogin Volta ke shiga teku. A kan siririn yashin ƙarshe kogi na hannu ɗaya teku na ɗaya. Ruwan kogin kwance yake yana jan hankali, amma ruwan daɗi a yankin Volta na ɗauke da tsargiya, yara su haƙura. 'Yan sandan Gana na tsayawa da na'urar auna gudu a mashigar ƙauyuka.

A Akra, wadda tsofaffi ke kira Ankara, sauka kusa da Nima ko Mamobi. Zangunan Gana sun samo asali ne tun fataucin goro zuwa Gwanja, wanda Katsinawa na cikin manyan fatakensa, da kuma sojojin Hausa na zamanin Turawa. Da safe ga koko da ƙosai, da rana ga abin da suke kira waakye, shinkafa da wake ce har sunan namu ne, ga tuwon zafi, da dare ga tsire. A wajen zango ka tambayi naman da ke cikin miya. Kifi kuwa ka saya a bakin jirgi: ɗaga marfin kunnensa ka ga ja jawur, ido garau, in ka danna tsoka ta dawo. Ranar Talata masuntan Gana ba sa shiga teku, kifin ranar na jiya ne. Wanda bai taɓa cin jatan lande ko ƙaguwa ba ya ɗanɗana kaɗan tukuna. In leɓe ya kumbura ko numfashi ya yi wuya, asibiti nan take.

Ganuwar Elmina, kusa da Cape Coast, 'yan Fotugal suka gina ta a 1482, 'yan Holan suka ƙwace a 1637, ta koma hannun Ingilishi a 1872. Ɗakunan bayi na ƙarƙashi, nan da na ganuwar Cape Coast, duhu ne da zafi da ƙarancin iska. Mai asma da tsoho su tsaya kusa da ƙofa. Bayan an fito, hau tudun da ƙaramar ganuwar St. Jago take, daga can za ka ga ɗaruruwan jiragen masunta masu fenti da tutoci cunkushe a bakin ruwa. Gaɓar nan akwai duwatsu, a cikinsu akwai wata halitta mai ƙaya kamar bushiya, kada a taka ba takalmi. In wani abu mai kama da leda ya harbi yaro a ruwa, a wanke da ruwan teku, ba ruwan daɗi ba, kada a murza.

Dajin Kakum na kilomita 30 arewa da Cape Coast. Gadojin igiya bakwai ne, jimillarsu mita 350, sama da mita 30 daga ƙasa, faɗin katako ɗaya. Kasance a ƙofa ana buɗewa, kafin motocin 'yan makaranta su iso su riƙa girgiza gada. Kafin gadar akwai hawan tudu cikin gumi, jikin da ya saba da busasshen zafi zai sha mamaki: a nan zufa ba ta bushewa. Kowa ya sha ruwa fiye da ƙishinsa, a sa kayan auduga, a shafa wa yara hoda saboda ƙurajen zafi. In gudawa ta kama wani, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Gidan sauro kuma a ɗaura shi kowane dare.

Dawowa

Kashe sidinka ko ka canza kafin Aflao, a gida da wuya ka sami mai karɓa. Tsarabar atamfa turmi biyu uku da kwakwa da busasshen kifi ba laifi, amma buhun shinkafar waje daga Kwatano zai iya jawo a riƙe motar gaba ɗaya. Kana isa Badun kai ta wajen wanki mai rami, a wanke ƙarƙashinta da ruwan daɗi mai ƙarfi, har cikin mazaunin tayoyi da bayan salansa, don iskar gishiri ta mako biyu ta isa ta fara cin ƙarfe da bututun birki. A goge kan batir, a sake auna iskar tayoyi da safe kafin su yi zafi. Duk wanda zazzaɓi ya kama cikin mako huɗu bayan an iso gida, a yi masa gwajin jini ranar, a kuma gaya wa likita inda aka je da irin ruwan da aka shiga.